Jegon Rakiya da Rantsuwar Yaya Asabe

Da sunan Allah nake farawa, wanda cuta da waraka duk a hannunsa suke, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni malami ne a unguwar Kusfa, cikin birnin Zazzau. Sana'ata kwafar littattafai da hannu, bayan la'asar kuma ina karantar da magidanta a zaurena. Abin da zan rubuta labarin jinyar 'yata ne. Ita ce 'yar farina, saboda haka tun da aka haife ta bakina bai taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar nan" nake cewa, don kunyar ɗan fari. A takarda kam dole in faɗa: sunanta Rakiya.

Tana auren wani maɗinkin manyan riguna mai suna Garba, yaro mai ladabi. Da cikinta na fari ya tsufa, aka dawo da ita gidana goyon ciki kamar yadda aka saba. Mahaifiyarta Kulu ita ma kunyar ta hana ta tsayawa a kanta, sai hidimar ta faɗa hannun yayata, Yaya Asabe, wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ita ta goya ni lokacin da mahaifiyarmu ta rasu, kuma a duk unguwarmu ba wadda ta kai ta suna wajen wankan jego. In aka haihu, ita ake fara aika wa.

Rakiya ta sauka lafiya a ƙarshen bazara, ana ta jiran ruwan farko, zafi ya kai inda ya kai. Namiji ta haifa.

Ko'ina a ƙasar Hausa ana jego, amma mu Zazzagawa mun fi tsananta shi. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa wa mai jego. Ta fito ta hau gadon ƙasa, an zuba garwashi a ƙarƙashinsa. A dama mata kunun kanwa, kanwar har sai ta yi ɗaci a baki. Ruwan sanyi kuwa ko kurɓa ba za ta yi ba har kwana arba'in. Duk don kada sanyi ya shige ta. Haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa Kulu sau shida, ban taɓa tambaya ba.

Makon farko ba abin da na ji sai alheri. Aka yi suna, aka yanka rago, yaro ya ci sunan Aliyu.

A mako na biyu Kulu ta kawo mini tuwo, ta tsaya tana juya faifai a hannu. Can ta ce, "Malam, ƙafafun yarinyar nan sun yi nauyi."

Na kira Yaya na tambaye ta. Ta yi dariya ta ce, "Jiki take yi, jego ya karɓe ta. Kai dai ka ji da alƙalaminka."

Bayan kwana biyu sai tari. Daga zaure ina jin sa, busasshe, ba ya tsayawa. Yaya ta ce sanyi ne ya sami kafa, ta ƙara itace, ta ƙara kanwa. Wani kawunmu ya zo daga ƙauye da saiwa a ƙunshe, ya ce a jiƙa ta sha. Wata tsohuwa ta ce bakin mutane ne, ranar suna an yaba ta da yawa. Ni kuma na yi abin da na sani: na yi rubutu, na wanke, na aika ciki.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci, na shiga cikin gida neman buta, sai na gan ta ba shiri. An fito da ita bakin ƙofa ta sha iska, ta jingina da bango. Fuskarta ta cika, munduwar hannunta ta nutse cikin nama. Ta yunƙura za ta durƙusa ta gaishe ni, ta kasa.

"Baba," ta ce, ta ja numfashi. "Sannu," ta sake ja. "Da dawowa."

Kulu ta ce mini kwana uku ke nan ba ta iya kwanciya, a zaune take barci, in ta miƙe sai numfashi ya ɗauke. A ranar na ajiye kunya gefe, na ce asibiti za mu.

Gida ya ɗauki surutu. Aka ce yaya za a fitar da mai jego tana kwana goma sha shida, a kai ta Wusasa wurin 'yan mishan. Aka ce yanka ta za su yi. Ni kaina ban taɓa taka wurin ba. Maƙwabcina Malam Tanimu, mai sayar da goro, wanda katanga ɗaya ta raba mu, shi ya samo mana motar wani abokin cinikinsa. Lungunmu ba ya cin mota, sai a kan gadon kara muka ɗauke ta zuwa bakin hanya, Yaya na biye da jariri a baya tana faɗa.

Washegari mun isa da hantsi, muka tarar da mutane jingim a gindin itatuwa, yawancinsu daga ƙauyuka, wasu tun jiya suke nan. Muka zauna har rana ta take tsaka. Wata ma'aikaciya ce, Bahaushiya Kirista, ta zo wucewa ta dubi Rakiya, ta dubi wuyanta inda jijiyoyi suka tashi, ta ce, "Wannan ba ta jira ba ce." Ta shigar da mu gaban kowa. Har gobe ina yi mata fatan alheri.

Likitan Bature ne, yana jin Hausa, yana yin ta a hankali kamar mai taka ƙaya. Ya danna babban yatsansa a ƙwaurinta, ya ɗaga, ramin ya zauna bai cike ba. Ya daɗe yana sauraron ƙirjinta da abin sauraronsu. Sa'an nan ya tambayi Yaya sau nawa ake ba ta kunun kanwa.

"Sau uku," in ji Yaya. "Kuma ban taɓa yi mata ƙwauron kanwa ba."

Ya juyo wurina ya faɗi maganar da har yanzu take kunnena. Ya ce, "Malam, naman zuciyarta ya kumbura, ya saki, ba ya iya tura jini yadda ya kamata. Shi ya sa ruwa ya taru mata a ƙafa da ciki da huhu. Abin da ke fara kawo shi ga wata mace ya bar wata, ban sani ba. Amma na san kanwa da gishiri suna tara ruwa a jiki, zafi kuma yana sa zuciya gudu. Kuna ƙara wa gajiyayye kaya."

Da muka fito, Yaya ta taɓe baki. "Wannan ya taɓa haihuwa ne? Uwarsa da ruwan sanyi ta yi jegonsa, shi ya sa ya fito kamar ba a gama dafa shi ba."

Har ma'aikaciyar nan sai da ta yi dariya. Ni ma na yi. Na ɗauka maganar ta tsaya a nan.

Kwana tara ta yi a kwance. Ana yi mata wata allura mai sa fitsari, ana ba ta 'yan ƙananan ƙwayoyi farare, abinci ba gishiri. Kullum da safe nakan taka daga Kusfa in je, in dawo kafin la'asar saboda masu karatu. Tafiyar ta ci ƙafata, waƙoƙin addu'arsu na safe kuma ba su taɓa zauna mini ba, nakan koma can nesa in ja carbina. Na sayar da wani littafin fiƙihu da na yi kusan shekara ina kwafa don hidimar. Ban yi da-na-sani ba. A kwana na biyar na ga munduwa tana yawo a hannunta. A na bakwai ta durƙusa ta gaishe ni da numfashi ɗaya, ta ce abincinsu kamar ana tauna tsumma.

Likita ya so ta ƙara mako biyu. Mata suka taso: arba'in ba a yin ta a gidan wasu, dangin miji suna zuwa suna komawa ba su ga jariri ba. Ita ma Rakiya ta yi ta kukan gida. Likita ya yarda, amma da sharaɗi uku, kuma a gaban Yaya ya faɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ba kanwa ba gishiri. Ba gadon wuta ba tafasasshen ruwa, sai mai ɗumi. A ci gaba da ƙwayoyi, a dawo da ita bayan mako guda.

Ranar da muka dawo na kira Yaya zaure. Na ce, "Yaya, kin ji da kunnenki. Ni ba zan iya shiga ɗakin nan kullum ba, kin san dalili. Amanarta tana hannunki."

Ta dube ni ta ce, "Ni da na goya ka kake tuhuma? To, wallahi tallahi ba zan ƙara ba ta kanwa ba, ba zan ƙara hura mata wuta ba. Hankalinka ya kwanta?"

Ban nemi ta rantse ba, ita ta kawo rantsuwar. Na sa aka kwashe itacen jego aka rabar, aka kife babbar tukunya a bayan rumbu.

Washegari da hantsi ina fiƙe alƙalami ta leƙo. "Malam, wata baiwar Allah ce ta aiko ni da tambaya. Wai in mutum ya rantse zai bar wani abu, daga baya ya ga yin abin ya fi alheri, yaya zai yi?"

Irin wannan tambaya mata sun saba aiko ta da ita, don ba sa iya zuwa zaure da kansu. Ban ko ɗaga kai ba. Na ce ya aikata abin da ya fi alheri, ya yi kaffara: ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su, in ba shi da hali ya yi azumi uku.

"Allah ya ƙara sani," in ji ta.

Kwana uku a jere na ga Yaya ba ta ci ba ta sha, cikin wannan zafi, ga tsufa. Na ɗauka azumin roƙa wa Rakiya lafiya take yi. Har na sayo mata dabino na buɗa baki. Har na ba masu karatuna labarinta, na ce su dubi ibadar tsofaffi.

Kullum da safe nakan tsaya a tsakar gida in ce, "Yaya, ya mai jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." In ɗaga kai in duba: ba hayaƙi, tukunya tana nan a kife. In koma zaure. Hayaƙi na yi ta dubawa, 'yata kuwa ban duba ta ba. Kunyar nan da na ajiye ranar Juma'a, da na ga sauƙi sai na sake ɗauka.

Da mako ya cika aka yi ruwan farko, mai yawa. Yaya ta ce hanya ta yi taɓo, fitar da mai jego cikin wannan danshi ganganci ne, a bari ƙasa ta sha iska, ai tana samun sauƙi. Na yarda. Tarin ya dawo, na tambaya, aka ce ƙwarewa ta yi da ruwa.

Kwana tara da dawowarmu, mun idar da la'asar muna sa takalma a ƙofar masallaci, Malam Tanimu ya dafa ni yana murza ido.

"Malam, ka gaya wa surukinka itacen nan ya kusa ƙarewa. Kuma in an yi arba'in sai ka yi mini rubutun ciwon ido, hayaƙinku ya kusa makantar da ni. Jika naka, hawaye nawa."

Na ce, "Wane itace?"

Ya dube ni, dariyar ta bar fuskarsa. "Na ruwan wanka mana. Ba kai ka ce a riƙa dafa shi a gidana ba, wai hayaƙi yana ɓata maka takardu? Haka iyalina suka gaya mini."

A tsaye a nan ya ba ni sauran. Tun washegarin dawowarmu ake tafasa ruwa a gidansa safe da yamma. Ana miƙo shi ta kan katanga inda ta gajarta, ana miƙo garwashi a kasko, ana dama kunu a can. Lokacin da nake masallaci da lokacin da nake karantarwa ake yi. Garba ke kawo itacen ta ƙofarsu.

Ban bi ta kan masu karatu da ke jirana ba. Na shiga cikin gida ba sallama, na ɗaga asabarin ɗakin. Zafi ya buge ni kamar na leƙa matoyar tukwane. Rakiya tana zaune a kan gadon ƙasa, an tokare ta da matasai, gumi na zuba, bakinta a buɗe tana neman iska. Ta fi ranar Juma'ar nan kumbura. Ƙwaryar kunu tana gefe, saura kaɗan.

Yaya ba ta ko razana ba. Na ce, "Yaya, ba ki rantse ba?"

"Na rantse, na kuma yi kaffara. Kai ka ba ni fatawa da bakinka."

"Kin ce wata baiwar Allah ce."

"Ni ba baiwar Allah ba ce? Ka ji ni, Malam. Ƙwayoyin Baturenka ina ba ta, ko ɗaya ban tsallake ba. Amma in zuba ido sanyi ya cinye yarinya a hannuna? Kwana tara suka ajiye ta a kan gadon ƙarfe ba wuta, shi ne nake ta ƙoƙarin cirewa. Mata nawa na yi wa wanka a garin nan? Wacece ta mutu?"

Na juya wurin Kulu, tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da kasko. Shekara ashirin da biyu muna tare, ba ta taɓa ɓoye mini ko ɓatan allura ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Tsoro na ji, Malam. Kowa cewa yake za mu nakasa ta."

Sai Rakiya ta ɗaga hannu. Da ƙyar maganar ta fito. "Baba, kada ka yi wa Goggo faɗa. Ni ma na ce a yi. An ce in ban gama ba, ba zan ƙara haihuwa ba."

A gidan nan kaf, da gidan maƙwabci, da gidan suruki, ni kaɗai ne ban sani ba. Suna gaishe ni da safe, suna kawo mini abinci, suna jira in fita.

A yammacin nan muka mai da ita. Likita ya danna ƙwaurinta, ya saurari ƙirjinta, ya dube ni. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce kawai, "Za mu yi iyakar ƙoƙarinmu." Kuma sun yi. Amma allurar da ta yi aiki da farko, wannan karon sai kaɗan. Na sallami masu karatu, na tare a can, ina zaune a gefen gadonta, abin da ban taɓa yi ba tun tana cikin tsumma.

Garba ya zo ya durƙusa nesa da ni yana kuka. Ya ce mahaifiyarsa ce ta ce in bai kai itace ba ya zubar musu da mutunci, kuma an gaya masa na sani. Ban san ko gaskiya ya faɗa ba, har yau ban bincika ba.

Kwana na huɗu da hantsi ta buɗe ido ta tambayi Aliyu, aka ce yana barci. Ta ce, "Baba, ina son ruwa. Mai sanyi." Na dubi ma'aikaciyar nan, ta ɗaga mini kai. Na je randa da kaina na ɗebo, na tallafe ta, ta sha kurɓi uku. Ta ce, "Kai, da daɗi." Na yi ta laƙƙana mata kalmar shahada tana bi da leɓe. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa. Saura kwana biyu ta yi arba'in.

A zaman makoki na ji abin da ya ƙarasa ni. Ina zaure, muryoyin mata suna fitowa daga ciki. Wata ta ce sanyin asibiti ne ya kashe ta. Wata ta ce da an bar Asabe ta gama aikinta da yanzu yarinya tana ɗakinta. Wata ta ce malamai ma yanzu sun fi yarda da Nasara. Ba wadda ta tanka musu daga cikin gidana.

Ni ban ce wani ya kashe 'yata ba. Ajali ba ya gaba ba ya baya, na karantar da haka shekara talatin. Na kuma san mata da yawa sun yi wannan jego sun tashi lafiya. Amma Allah da ya ƙaddara ajali shi ya yi umarni da riƙon amana, kuma ranar hisabi kowanne da tambayarsa. Tawa tambayar na san ta: taku goma ne tsakanin inda nake tsayawa da gadon da take.

Saboda haka ga abin da nake gaya wa duk magidancin da wannan takarda ta isa gare shi. In mai jego ta fara kumburin ƙafa, tana haki, tana tari, ba ta iya kwanciya sai a zaune, kada ka yarda a ce maka jiki take yi ko sanyi ne. A janye wuta, a ɗauke kanwa, a kai ta inda za a saurari ƙirjinta. In an sallamo ta kuma, ka shiga ɗakin da ƙafarka kullum, ka taɓa gadon da hannunka, ka ɗanɗana abin da ke cikin ƙwarya. Ko 'yar farinka ce. Ko wadda ke jinyar ita ta goya ka.

Aliyu yana nan, wata ƙanwar Kulu ce ke shayar da shi, ya fara zama. Kulu ta nemi gafarata, na ce na yafe. Da baki na faɗa, ina roƙon Allah ya kai maganar zuciya. Yaya ba ta nema ba. Muna gida ɗaya, ina gaishe ta kowace safiya, don ita ce babba.

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a zaure, sai ga ta ta fito, ta yafa mayafi, ɗaurin ganye a hannu ɗaya, ƙunshin kanwa a ɗayan.

Na ce, "Yaya, ina zuwa?"

"Bayan masallaci. 'Yar Malam Sule ta sauka jiya, haihuwar fari. Sun aiko tun da sassafe."

"Yaya, ki ji tsoron Allah. Ki tuna yarinyar nan."

Ta tsaya, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Kullum ina tuna ta. Shi ya sa wannan ba zan bari a kai ta ko'ina ba."

Ta gyara mayafinta, ta sa kai ta fita.